Hoton Teku a Zauren Malam

A Gwarzo na koyi ɗaukar hoto, a shagon wani mutumin kudancin Kaduna da ya zo koyarwa a firamare, daga baya ya ajiye alli ya sayi kyamara. Shagon ɗaki ɗaya ne kusa da tasha. Akwai labule mai zanen gidan bene da jirgin sama yana wucewa ta kansa, da kujera ɗaya, da tukunyar furen roba wadda ta shiga hoton rabin mutanen garin. Ran Lahadi yana coci ni ke riƙe shagon, ran Juma'a ina masallaci shi ke riƙewa. Dokarsa guda ce, kuma ya yi ta nanata mini ita har ta zama jiki: kai da takalmi. Mutum ya cika hoton tun daga hula har ƙafa, kada ka bar fili a sama, kada ka bar fili a gefe.

In an kira mu biki ko suna a ƙauyuka irin su Jama'a ko Sabon Birni, da bargo muke tafiya. A sami dogaye biyu su riƙe shi a bayan wanda za a ɗauka, don kada katangar ƙasa ta fito, ko rumbu, ko akuyar da ta ga damar ratsowa. Ba wanda ya taɓa cewa a nuna inda yake tsaye. Ai ya san inda yake tsaye, kullum a nan yake kwana. Abin da yake son gani shi ne kansa cikin sabuwar shadda, kuma mu ma abin da muka iya ke nan.

Yadda na shiga aikin sojan ruwa ba wani labari ba ne mai daɗin ji. Na nemi na ƙasa ban samu ba, na nemi na ruwa aka ɗauke ni, ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce cibiyata ba. A wurin tantancewa na haɗu da wani ɗan Gude ta ƙasar Kabo, muka ji harshen juna, shi ke nan muka manne. Ɗan wani malamin allo ne, ɗan farinsa, ya sauke Alƙur'ani tun gemu bai fito masa ba. Ya iya ruwa sosai, domin a dam ɗin yankinsu ya ƙare ƙuruciyarsa, ana dukansa yana komawa. Shi ya koya mini ninƙaya a wurin horo, yana riƙe da haɓata yana yi mini dariya, wai mutanen Gwarzo ko kunu aka cika musu a kwano sai sun nemi ceto. Ni kuma in ce da shi mutanen Kabo ai dole su iya ruwa, tunda ba su da hanyar mota. Haka muka yi shekara shida, sau biyu ana raba mu jirgi, sau biyu Allah yana sake haɗa mu.

Da aka ji na iya kyamara sai aka tura ni sashen masu ɗaukar hoto. Ogana wani dattijo ne daga can ƙasar da ake zuwa kasuwa a kwale-kwale, baƙi, gajere, ba ya dariya sai in ka yi kuskure. Aikinmu shi ne duk abin da jirginmu ya yi a teku, a dawo da hotonsa: in an tare jirgi, in an bincika, in an kama kaya, in an ceci mutane. Na shiga da girman kai, ina ganin wanda ya ɗauki amare ɗari me zai gagare shi.

Fitata ta farko muka tare wani kwale-kwale babba cike da gangunan ɗanyen mai. Na yi aiki har gumi ya jiƙa ni. Na ɗauki kowane sojanmu da bindigarsa, kai da takalmi. Na ɗauki gangunan kusa da kusa har tsatsarsu ta fito. Na ɗauki mutanen da aka kama ɗaya bayan ɗaya, har na gyara wa wani wuyan riga kafin in danna. Da muka dawo na zuba wa Oga su a kwamfuta, na koma gefe na harɗe hannu ina jiran yabo.

Ya yi ta wucewa da su, sannan ya juyo da Turancinsa na bariki. "Wannan a ina ne?"

Na ce, "A teku, Oga."

"Wa ya ce? Ina tekun? Waɗannan gangunan a cikin kwale-kwale suke ko a bayan gidanku? Ina lambar kwale-kwalen? Ina jirginmu? Wannan mutumin da ka gyara wa riga, a ina aka same shi, a wurin ɗaurin aure?"

Sai a lokacin ya yi dariya. Ya ce in aka kai waɗannan gaban alƙali, lauya zai ce gangunan a kasuwa aka ɗauke su, kuma ba mai iya ƙaryata shi. Na ji kunya, kuma na ji haushi, haushin ya ma fi yawa. Ya ce daga yau kafin in matsa kusa da komai, in fara ja da baya. Na ce a jirgi ina mutum zai ja da baya, ai sai ya faɗa ruwa. Ya ce to in hau sama. Tun daga ranar ya mai da ni biri, kullum ina can saman jirgi kusa da inda ake kafa tuta, iska tana neman cire mini hula. Daga nan zan ɗauki ruwan gaba ɗaya, da jirginmu, da wanda aka tare, da tazarar da ke tsakani, da yadda sama take. Sai na gama wannan zan sauko in ɗauki lamba, in ɗauki kaya a inda aka same su, in ɗauki fuskoki. Kowane hoto da rana da lokaci a gindinsa. Na iya aikin daga baya, har Oga ya daina yi mini dariya, amma ban taɓa son waɗannan hotunan ba. A idona hoton da mutum ya zama ɗigo ba hoto ba ne.

Saboda haka in abokan aiki suka ce in ɗauke su don su aika gida, sai in koma ɗan Gwarzo. Abokina ya fi kowa damuna da wannan. Kowace Sallah sai ya goge farin kakinsa, ya tsaya a jikin bangon jirgi, in ɗauke shi kai da takalmi. In bangon ya yi datti in sa a riƙe masa zanen gado. Da ya yi aure hotunan suka ƙaru, da aka haifa masa 'ya mace suka ƙara ƙaruwa. Duk hoton da ya taɓa zuwa Gude daga wurinsa ni na ɗauke shi.

Ranar da abin ya faru damina ce, da hantsi. Mun tare wani babban jirgi da ake zargi, aka ce a sauke ƙaramin kwale-kwale mai inji a je a bincika, kuma abokina yana cikin masu zuwa. Kafin su sauka ya jingina da ƙarfen gefen jirgi ya ce, "Ɗan Gwarzo, ɗauke ni, yau na yi aski." Na matsa na ɗauke shi yana murmushi, sannan na hau sama wurin aikina.

Ruwan yana da ƙarfi a ranar. Daga sama ina ganin kwale-kwalensu yana ɗagawa yana faɗawa a jikin wancan jirgin, an sako musu tsanin igiya. Mutum biyu suka haye lafiya. Shi ne na uku. Ya kama tsanin, sai ruwa ya janye kwale-kwalen daga ƙarƙashinsa, ya dawo da shi da ƙarfi, ya buga shi da jikin jirgin. Ta cikin kyamara na ga hannunsa ya saki. Na ga kansa sau ɗaya a bayan kwale-kwalen, sannan hadarin da ke tafe tun safe ya sauko, ko hannunka ba ka gani sosai. Da ruwan sama ya ɗauke, babu shi.

Kwana uku muna nema. Aka ƙaro jirgi, aka sauke duk ƙananan kwale-kwalen da muke da su, jirgin sama ma ya zo ya yi ta zagaye. A rana ta biyu aka tsinci rigarsa ta hana nutsewa, ita kaɗai, nesa da inda ya faɗa. Ni so nake in shiga kwale-kwale in nema da idona, amma Oga ya ce in koma sama in ci gaba da ɗauka. Na gaya masa maganar da a soja ba a gaya wa na gaba, wadda in da wani ne da ya sa an kulle ni. Ya bar ni na gama, sannan ya ce masu nema sun isa, amma mai nuna yadda aka nema ni kaɗai ne. Na hau ina kuka, na yi ta dannawa, kuma a raina na tsani mutumin nan kamar in shaƙe shi.

Sai bayan mako shida na sami hutu. Kafin nan manya sun riga sun je Gude da takarda da akwatinsa. Ina sauka a Gwarzo, ko ruwa ban gama sha ba, mahaifiyata ta ce, "Ka san fa har yau ba a yi zaman makoki ba a gidan Malam?"

Na ce ban gane ba. Ta ce Malam ya karɓi baƙin da mutunci, ya ba su fura, ya karɓi akwatin, amma ya ce ba zai karɓi gaisuwar mutuwa ba, domin ba wanda ya ga gawa. A wurinsa yaron ɓatacce ne, ba mamaci ba, kuma matar ɓatacce ba ta shiga takaba, jira take yi, jiran da kan kai shekaru. Yarinyar tana nan a gidan da goyonta, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Mata su shiga wurinta su rasa abin da za su ce, in sun ce ya haƙuri sun saɓa wa Malam, in sun yi shiru kuma kamar ba su damu ba. Iyayenta sun zo sau biyu, sun koma ba su san matsayin 'yarsu ba.

Washegari na wanke hoton da na ɗauke shi a safiyar ranar, na sa shi a firam mai ruwan zinare, na hau babur na nufi Gude. A ganina na yi abin kirki. Na yanke duk wani tarkace na gefe, na bar fuskarsa da sabon askinsa da murmushinsa.

Na sami Malam a zaure a kan buzunsa, dogo, siriri, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Muka gaisa, ya gajiya, ya hanya, ya mutan gida, ya damina, ya aiki. Na buɗe baki zan ce ya haƙuri, sai ya ɗaga hannu kaɗan, na haɗiye. Na miƙa masa hoton. Ya riƙe shi nesa da fuskarsa ya daɗe yana kallo.

"Wannan yaushe ne?"

"Allah ya gafarta Malam, a safiyar ranar ne."

"A wurin ne?"

"A wurin ne."

Ya sa yatsa a bayan kafaɗar ɗansa. Akwai ɗan siririn ruwa da ya rage a hoton, sama da shi kuma wani baƙin layi, wato jikin wancan jirgin da muka tare, wanda na yanke samansa da gefensa.

"To ga gaɓa nan kusa," in ji Malam. "Yaron nan tun yana shekara goma yake ƙetare dam ɗinmu ya dawo. Wannan ruwan ne zai gagare shi?"

Na ce ba gaɓa ba ce, jirgi ne. Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da ake yi wa mai kare kansa. Na ce teku ba ta da gaɓa a wurin, sai an yi tafiyar yini a jirgi kafin a ga ƙasa. Ya ce ya karanta labarin teku a littattafai, ya san tana da girma, amma kowane ruwa yana da baki kuma yana da ƙasa. Ya ce a nan in ruwa ya ci mutum, masunta ba sa komawa gida sai sun fito da shi. In bai fito ran farko ba, ran na uku zai taso da kansa, a yi masa wanka, a yi masa salla, a rufe shi kamar kowane Musulmi. Bai taɓa jin an bar mutum a ruwa an taho ba.

"Kwana nawa kuka yi?"

"Uku."

"Uku. Ranar da zai taso, ranar kuka tafi."

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce ya riga ya yi magana da Sarkin Ruwa, ya yarda zai ba da mutum biyu cikin gwanayen nutsonsa. Ni ake jira. In hutuna ya ƙare in tafi da su in nuna musu wurin, ko su samo shi a wani ƙauyen bakin ruwa yana jinya, ko su fito da abin da za a binne.

Raina ya ɓaci. Na yi kwana uku ina kuka a saman jirgi, yanzu ga dattijo yana gaya mini mun gudu mun bar ɗansa, har zai haɗa ni da masu kamun tarwaɗa su je su gyara mana aiki. Saura kaɗan in faɗi abin da zan yi nadama, sai aka aiko daga cikin gida wai Inna, mahaifiyar abokina, tana son ganina.

Na same ta a bakin ɗakinta. Matar abokina tana can gefe a kan tabarma, ta juya baya tana ba 'yarta nono, sanye da atamfa mai fure ja, irin wadda mai takaba ba za ta sa ba. Ba ta ɗago ba har na fita. Inna ta jawo wata kwalla ta buɗe, ta fito da hotuna a ɗaure cikin ɗankwali, ta shimfiɗa su a gabana ɗaya bayan ɗaya. Na Sallar bara, na bara waccan, na ranar da aka ƙara masa igiyar muƙami. Duk nawa ne. Farin kaki, hula, takalmi yana sheƙi, bango a baya ko zanen gado.

Ta ce, "Ɗana, kullum ina so in tambaye shi, kunya ta hana ni. Wai ruwan da kuke aiki a cikinsa, ya kai dam ɗinmu?"

Shekara shida ɗansu yana teku, ni ne idonsu a can, kuma ban taɓa nuna musu ko cikin cokali na ruwan ba. Duk fushin da na shigo da shi ya koma kaina. Malam bai yi wauta ba. Da abin da ya sani ya auna, da abin da na nuna masa, ni kuwa na nuna masa gaɓar da babu ita.

Daga bakin hanya na kira Oga a waya. Tun ranar da na yi masa rashin kunya maganar aiki kawai ke haɗa mu. Na gaya masa komai, ina jiran ya ce ai ya faɗa mini. Bai faɗa ba. Ya ce hotunan aiki ba a fitar da su haka kawai, in ba shi kwana biyu ya nemi izini. Ran na uku ya turo guda biyar, waɗanda manya suka yarda a nuna wa iyali. Na kai su shagon tsohon maigidana na ce ya wanke mini su manya, iya girman da injinsa zai iya. Ya ɗaga na farko yana juya shi, ya ce, "Kai, duk koyarwar da na yi maka? Ina mutumin yake a nan?" Da na gaya masa ko na mene ne, ya cire tabarau ya goge ido, ya sake wanke ɗaya da ya ga bai fito sosai ba.

Na koma Gude bayan la'asar. Ashe Malam ya aika wa Sarkin Ruwa cewa na dawo, na same shi a zauren da mutanensa biyu, majiya ƙarfi, ɗaya har ya zo da ƙullin kayansa da igiya a naɗe. Da na gan su sai tausayi ya kama ni. Mutanen nan sun yarda su bar gonakinsu a tsakiyar damina, su bi ni ƙasar da ba su taɓa zuwa ba, su shiga ruwan da ba su sani ba, don ɗan maƙwabcinsu ya sami kabari.

Bayan gaisuwa na ce, "Allah ya gafarta Malam, wancan hoton da na kawo, ni na ɓata shi. Ga yadda wurin yake."

Na shimfiɗa na farko a kan tabarma. Daga saman jirginmu na ɗauke shi, mintoci kaɗan kafin abin ya faru. Ga wancan jirgin gaba ɗayansa, ga kwale-kwalen a jikinsa. Na ɗora mai firam ɗin a gefe, na nuna musu baƙin layin, na nuna musu jikin jirgin. Malam ya duba wannan, ya duba wancan.

Na biyu hadarin ne yana saukowa. Na uku da na huɗu na nema ne, jirage biyu da jirgin sama a sama. Na biyar na rana ta uku ne, shi ne wanda na fi ja da baya a cikinsa. Ruwa ne tun daga gindin takardar har inda ya haɗu da sama, hagu da dama, ba itace, ba tudu, ba komai. A tsakiya akwai ɗigo uku kamar ƙwayar riɗi a faifai.

Sarkin Ruwa ya matso da gwiwa. Tsoho ne mai faffaɗan ƙirji, idonsa ja saboda shekarun nutso. Ya sa yatsa a kan ɗigo ɗaya.

"Wannan fa?"

"Kwale-kwale ne. Mutum takwas ne a ciki."

"Takwas." Ya ɗaga yatsan ya sake dubawa. "In ka juya bayanka fa, me ke can?"

"Haka yake. Ko'ina ka juya haka yake."

"Zurfinsa gora nawa?"

Na ce ba a auna shi da gora. In aka kwance igiyar kowace rijiya a Gude aka ɗaura su wuri ɗaya, ba za su taɓa ƙasa ba. Na ce kuma ruwan tafiya yake yi, ba a tsaye yake kamar dam ba, rigarsa ma a rana ta biyu mun same ta a nisan da ya fi daga nan zuwa Gwarzo.

Sarkin Ruwa ya daɗe a durƙushe. Sannan ya koma ya zauna, ya dubi mutanensa, ya dubi Malam.

"Malam, ni dai a ruwa aka haife ni, a ruwa na tsufa. Wallahi wannan ba ruwan da muka sani ba ne. In na tura yaran nan, na tura su ne kawai. Mutanen nan sun nema."

Malam ya jawo hoton gabansa. Ya cire tabarau ya goge da bakin rawani ya mayar. Ya bi layin da ruwa ya haɗu da sama da yatsa, daga wannan gefe har wancan, a hankali, kamar mai bin layin karatu. Na san gaɓa yake nema. Ya kai ƙarshen takardar ya tsaya.

"Kai da idonka ka ga ya buga da jirgin?"

"Na gani."

"Ka ga ya saki?"

"Na gani, Malam. Na ga kansa sau ɗaya, ban sake gani ba."

"Ina gabas a nan?"

Na duba lokacin da ke gindin hoton da inda hasken rana ya faɗo, na nuna masa. Ya juya takardar a kan tabarma har gabas ɗinta ya dace da gabas ɗin zauren, ya zauna yana kallonta, leɓɓansa suna motsi. Can ya tambaye ni ranar da abin ya faru, na karanta masa daga gindin hoton farko, ya ƙirga da yatsu ya mai da ita kwanan watan Musulunci.

Ya kira ƙaninsa daga ƙofar gida.

"Shiga ka gaya musu. Yarinyar nan ta shiga takaba, a ƙirga mata daga ranar, ba daga yau ba. A aika wa iyayenta. A fito da tabarmi."

Ƙanin ya shiga. Ba a daɗe ba muka ji muryar Inna ta tashi da salati, sannan wata muryar da ban taɓa ji ba, siririya, wadda ta yi mako bakwai a riƙe. Mutanen Sarkin Ruwa suka sunkuyar da kai. Mai igiyar ya tura ta bayansa.

Na matsa gaban Malam na durƙusa na ce, "Malam, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Wannan karon bai ɗaga hannu ba. Ya ce, "Amin. Haƙuri da godiya." Na yunƙura zan koma bakin ƙofa in ba masu shigowa wuri, domin har an fara taruwa a waje, sai ya kama hannun rigata.

"Kai fa, wa ya yi maka gaisuwa?"

Gaskiya ba wanda ya yi mini. A jirgi kowa aikinsa ya koma, a gida kuma ba a ɗauke ni cikin waɗanda aka yi wa rashi ba.

Ya matsa gefe a kan buzun ya bar mini wuri. "Zauna nan," ya ce.

Na zauna a damansa. Liman ne ya fara shigowa, ya gaisa da Malam, sannan ya miƙo mini hannu ya ce ya haƙuri, na buɗe baki in amsa na kasa.